Shim a ƙarƙashin maɗaurin sikin telemark: kauri nawa ya dace?

Bakatsinen_Oslo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar telemark. Na sayi siki na hannu a Finn, shafin saye da sayarwa na Norway, faɗin ƙugunsa, wato tsakiyarsa, milimita 72, da maɗauri irin na da, mai fil uku da ke shiga ƙasan bakin takalmi, da waya ta bayan dunduniya. An ɗaure maɗaurin kai tsaye a jikin sikin, babu komai a tsakani. Takalmina na roba ne, na tsarin 75, wato mai leɓe ta baki mai faɗin milimita 75. Idan dusar ƙanƙara na da laushi, lafiya lau nake sauka. Amma da daddare a Tryvann, wurin wasan siki na Oslo, idan gangaren ya daskare ya yi tauri, da na kwantar da sikin sosai zan sha kwana sai ƙafa ta kuɓuce min. Na duba kunnuwan maɗaurin, na ga duk sun kankare ta waje. Wani dattijo da muka hau kujerar da ke kai mutane saman tudu tare ya ce in sa shim. To kauri nawa? Milimita 10, 20 ko 30? Shimfiɗaɗɗe ko mai tudu ta gaba? Ba na so in huda sikin nan sau biyu.

Gwiwa_Kasa:
Wa alaikumus salam. Dattijon ya faɗa maka gaskiya. Kankarewar da ka gani ita ce shaida. Maɗaurinka ya fi sikinka faɗi, shi ya sa idan ka kwanta kunnensa ke riga kaifin sikin cin ƙasa, sai ya ɗaga kaifin sama. Sa 20 ka huta.

Yar_Vermont:
Ni ma 20 zan ce, ko ma fiye. A nan gabashin Amurka, irin su Mad River Glen da Jay Peak, sau da yawa abin da muke bi ya fi kusa da ƙanƙara zalla fiye da dusa. Duk wanda na sani mai siririn siki ya ɗaga maɗaurinsa. Ranar da na fara hawa sikin da aka ɗaga, abin da na fara lura da shi shi ne ba sai na yi kokawa ba kafin kaifi ya kama. Ɗan karkata gwiwa kaɗan, sai ka ji ya ciji ƙasa.

Dan_Fagge:
Don Allah ku yi min afuwa, ni daga Kano nake bibiyarku, ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma ina son abin. Mene ne telemark, kuma me ya bambanta shi da wanda muke gani a talabijin?

Tsohon_Fjell:
@Dan_Fagge babu laifi ɗana, tambaya ita ce rabin ilimi. A sikin da ka fi gani a talabijin, takalmi a kulle yake gaba da baya. A telemark bakin takalmi kaɗai ake kamawa, dunduniya a sake take. Idan mutum zai sha kwana sai ya tura ƙafa ɗaya gaba, ta baya kuma ya ɗaga dunduniyarta ya durƙusar da gwiwa. Sunan na wani yanki ne a kudancin Norway. Mutumin da ya shahara da salon shi ne Sondre Norheim na ƙauyen Morgedal, wanda ya nuna shi a gasar da aka yi a Christiania, wato Oslo ta yau, a 1868. Daga baya ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya rasu a North Dakota a 1897. Shim ɗin da ake magana a kai kuma faranti ne na roba mai tauri, ana sa shi tsakanin siki da maɗauri don a ɗaga ƙafa sama kaɗan.

Yanzu in koma kan mai tambaya. Ni ban yarda da wannan gaggawar ta 20 ba. Ba ka gaya mana ko a Tryvann kaɗai kake wasa ba. Idan kana fita daji, irin tafiyar Finse ko tsallaka Hardangervidda da jaka a baya, tsawo ba abokinka ba ne. Duk milimitar da ka ƙara, idon sawunka ne zai biya ta lokacin da kake ratsa gefen tudu.

Dan_Fagge:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na fahimta yanzu.

Bakatsinen_Oslo:
Baba Tsohon_Fjell, ina da wani sikin daban na tafiyar daji, da takalmin fata. Wannan na gangaren da aka daddaɓe ne, sai jefi-jefi in hau tudu da ƙafa idan an samu rana mai kyau.

Tsohon_Fjell:
To madalla, magana ta canja. Na dajin kada ka taɓa shi. Wannan kuma a ɗaga, amma da lissafi.

Injiniya_Calgary:
Tunda Baba ya ambaci lissafi, bari in kawo shi, don abin ba na kintace ba ne. Abu biyu za ka auna. Na farko, milimita nawa kunnen maɗaurin ya zarce gefen sikin. Na biyu, milimita nawa ne daga ƙasan sikin zuwa wannan kunnen. A ce ya zarce da 15, tsawonsa daga ƙasa shi ma 15. Sikin zai kwanta digiri 45 kacal, kunnen ya taɓa ƙasa. Ka ƙara shim na 10, tsawo ya zama 25, sai ka kai kusan digiri 59 kafin ya taɓa. Ka ƙara na 15, kusan digiri 63. Ka ƙara na 30, wajen digiri 71 da rabi.

Ka lura da yadda ribar ke raguwa. Milimita 10 na farko sun ba ka digiri 14. Daga 15 zuwa 30, ninki biyu na kauri, digiri 8 da 'yan kai kawai ka samu. Kuma wa ke kwantar da siki digiri 70 in ba 'yan gasa ba? Abin da ya rage a tuna shi ne kaifi yana nutsewa cikin dusa, don haka a kan gangare kunnen zai taɓa da wuri fiye da yadda ya taɓa a kan tebur. Shi ya sa ake barin rara. Ni a wurina 15 zuwa 20 ya wadatar da ƙugu 72.

Hanya mafi sauƙi: saka takalmin a maɗaurin, ɗora sikin a kan tebur, ka riƙa karkata shi har wani abu ya taɓa. Wayarka tana da ma'aunin karkata. Wani lokaci ma ba kunnen ne ke fara taɓawa ba, wayar gefen ce ko gefen takalmin kansa.

Gwiwa_Kasa:
Injiniya ya zo da allo da alli. Amma ka ga a ƙarshe 20 ɗina ka dawo.

Bazazzagen_Utah:
Ni ina ganin kuna wahalar da bawan Allah. Ɗan'uwa, matsalarka ba shim ba ce, siki ne. Ƙugu 72 ai na zamanin da ne. Nemi mai 95 ko 100, maɗaurin ba zai ma leƙo waje ba. Ni a duwatsun Wasatch na Utah nake, sikina ya haura 105, kuma ƙafata kusa da siki nake son ta. A cikin dusa mai zurfi, idan ka yi sama sosai ba ka jin abin da sikin ke yi a ƙarƙashinka.

Yar_Vermont:
@Bazazzagen_Utah Malam, kai Allah ya ba ka dusar Utah, shi kuma Tryvann yake zuwa bayan an tashi aiki. Faffaɗan siki a kan daskararren gangare azaba ne ga gwiwa. Kuma ai faɗin ne ma ke sa wasu ƙara tsawo, don kaifin ya yi nisa da tsakiyar ƙafa, kwantar da shi na buƙatar ƙarfi. Tsawon yana aiki ne kamar sifana mai dogon hannu, ƙarfi kaɗan ya juya noti mai tauri.

Bazazzagen_Utah:
Hajiya na ji, amma dogon hannun nan ta fuska biyu yake aiki. Yadda kike juya sikin da sauƙi, haka sikin ke juya ƙafarki da sauƙi idan ya ci karo da dunƙulen ƙanƙara.

Mai_Gashin_Kashi:
Wannan magana ta Bazazzage kada a wuce ta. Aikina kula da masu raunin gaɓoɓi ne, kuma abin da nake so mai tambaya ya sani shi ne yawancin maɗauran tsarin 75 ba sa sakin takalmi idan mutum ya faɗi. Akwai masu saki, irin su 7tm na Jamus, amma mai fil uku da waya ba ya cikinsu. Sakakkiyar dunduniya tana rage wani abu, ba ta hana murɗewa. Idan ka ƙara tsawo ka ƙara wa sikin ƙarfin murɗa gwiwa. Ba cewa nake kada ka sa ba. Ka sa mafi ƙanƙantar da zai raba kunnen da ƙasa, ka tsaya a nan.

MaiGyara_Innsbruck:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma har yanzu ba wanda ya amsa rabin tambayar na biyu, alhali a wurina ya fi kauri muhimmanci: shimfiɗaɗɗe ko mai weji.

Takalmin roba na tsarin 75 yana da wurin lanƙwasa a kan yatsu. Da amfani, sai ya riƙe wannan lanƙwasar, ƙasansa ya daina zama a miƙe. Idan ka kulle leɓensa a maɗauri shimfiɗaɗɗe, za ka ga dunduniya ta tsaya a iska, ba ta sauka kan matakinta ba. Ka hau ka danne ta da nauyinka, takalmin ya zama sifirin da aka matse, kullum yana neman ya tura ka gaba. A kan daskararren gangare ba kowa ke lura ba. Amma ka shiga dusa mai nauyi, bakin siki zai riƙa nutsewa kana ta faman jan jiki baya, cinya ta ƙone tun kafin azahar. Maganinsa shi ne shim mai weji, gabansa ya fi bayansa kauri, ya ɗaga bakin maɗaurin ta yadda dunduniya za ta zauna da kanta.

Gwajin ba wuya. Saka takalmin babu ƙafa a ciki, kulle, ajiye sikin a ƙasa, ka duba gibin da ke ƙarƙashin dunduniya. Idan ɗan kaɗan ne, shimfiɗaɗɗe ya isa. Idan yatsa biyu na shiga, weji kake buƙata.

Kuma duk wanda ka zaɓa, matakin dunduniya dole a ɗaga shi daidai da na gaba. Sau da yawa ana kawo min siki an ɗaga gaba da 20, an bar matakin baya yadda yake, mai shi yana mamakin me ya sa yake jin kamar zai faɗi ta baya.

Injiniya_Calgary:
Mai gyara ya yi gaskiya, kuma ga adadin: idan daga fil zuwa dunduniya akwai kusan santimita 25, kowane digiri ɗaya na weji yana sauke dunduniya da milimita 4 da 'yan kai. Digiri 3 kenan kusan milimita 13. Ƙaramin abu ne a ido, babba ne a ƙafa.

Sabon_Tsari:
Duk wannan dogon bayanin dalili ne na barin tsarin 75 gaba ɗaya. Tun 2007 kamfanin Rottefella ya fito da sabon tsarin maɗauri da takalmi mai suna NTN. Babu dogon leɓe, babu kunnuwa masu faɗi, maɗaurin yana kama takalmi ne ta baki da kuma ta ƙarƙashin tsakiyar tafin ƙafa. Ga Outlaw da Lynx na 22 Designs, ga Meidjo na Faransa. Ka sayi ɗaya ka manta da shim.

Tsohon_Fjell:
@Sabon_Tsari yaro, mutum ya zo neman farantin roba, kai kana tura shi ya sayi sabon takalmi da sabon maɗauri a farashin Norway. Kowa da ƙarfin aljihunsa. Kuma Rottefella ɗin da ka ambata, da maɗaurin fil ta yi suna, tun ƙirar Bror With ta 1927. Abin da ya yi wa mutane aiki tsawon wannan zamani ba ya zama shara don an yi sabo. Ni na fara da takalmin fata, na ga zuwan na roba a farkon shekarun 1990 lokacin da Scarpa ta fito da Terminator, kuma a lokacin ne maganar shim ta yi ƙarfi, don takalmin ya ba mutane ikon kwantar da siki fiye da da.

MaiGyara_Innsbruck:
Kuma ba gaskiya ba ne cewa masu NTN sun rabu da shim. Ina da masu zuwa a ƙara musu milimita kaɗan a ƙarƙashin gaba ko a canja matakin dunduniya, don tsayuwar ba ta yi musu ba. Ƙafa ba iri ɗaya ba ce.

Sabon_Tsari:
Na ji Baba, ban yi nufin raini ba. Amma ko a cikin tsarin 75, maɗaurai irin su Axl na 22 Designs ko Switchback na Voilé da tsawonsu suke zuwa, ba sai an ƙara komai ba. Idan ya samu na hannu, ya kashe tsuntsu biyu.

Gwiwa_Kasa:
Wannan kuma shawara ce mai kyau, musamman tunda ya ce yana hawa tudu wani lokaci. Su biyun suna da yanayin tafiya da ke sakin ƙafa ta yi lilo ba tare da turjiyar waya ba.

Dalibi_Trondheim:
Ni ɗalibi ne, kuɗina a ƙirge suke. Na yanka nawa daga farantin yankan nama na roba, irin mai kauri na ɗakin girki, na huda shi daidai da ramukan maɗaurin, na sa dogayen sukurori suka ratsa har cikin siki. Yana min aiki.

MaiGyara_Innsbruck:
@Dalibi_Trondheim ƙanena, robar ba laifi, irin wannan tana jure sanyi, ba kamar wadda ke tsagewa ba. Inda nake jin tsoro shi ne dogayen sukurorin. A telemark duk ɗaga dunduniya da ka yi, fizgar sukurorin baya kake yi sama. Maɗaurin fil uku ramuka uku kawai gare shi, kuma a kusa da juna suke. Ka ƙara masa tsawo, ka ƙara wa fizgar ƙarfi, ramukan kuma suna nan yadda suke. Shi ya sa shim na kirki hawa biyu ne: shi a ɗaure shi a siki da sukurori huɗu da suka bazu, maɗaurin kuma a ɗaure shi a jikin shim ɗin. Dalilin da ya sa 22 Designs ke amfani da ramuka shida kenan.

Tunda mai tambaya ya ce ba ya son huda sau biyu, ga abin da zai kiyaye. Sikin da babu ƙarfe a cikinsa ana huda shi da bakin 3.5 ko 3.6, mai shimfiɗar ƙarfe kuma 4.1, zurfin wajen milimita 9. Yawanci a rubuce yake a jikin sikin. Kafin ka ɗaure, saka sukurun a cikin shim ka auna abin da ya leƙo ta ƙasa. Idan ya wuce zurfin ramin zai turo ƙasan sikin ya yi ƙulu. Idan ya gaza, zai fice maka a tsakiyar gangare. Sa gam mai hana ruwa a kowane rami. Tsofaffin ramuka a toshe su, sababbin kuma su yi nisan kusan santimita ɗaya da su. Da hannu ake ƙarasa ɗaurewa, da sukundireba Pozidriv mai lamba 3, ba da inji ba.

Idan kana son ka riƙa gwada kauri daban-daban, sa ƙananan soket ɗin ƙarfe da ake dasawa a siki da gam, irin na Binding Freedom ko Quiver Killer. Sukurun M5 ke shiga cikinsu, ka cire ka mayar yadda kake so.

Dalibi_Trondheim:
Allah ya saka da alheri Yaya. Nawa milimita 10 ne kawai, amma yau zan duba ko sun saki.

Dan_Tromso:
Mu nan arewa rana ba ta ma leƙowa a wannan lokacin, sai tsakiyar Janairu ta wuce, don haka da fitilar goshi muke hawa. Abu ɗaya zan ƙara kan maganar Mai_Gashin_Kashi. Idan hawan tudun da kake yi jefi-jefi zai kai ka wurare irin su duwatsun Lyngen, maɗaurin da ba ya saki haɗari ne idan dusa ta zabtaro, don sikin zai ja ka ƙasa. Duba Varsom, shafin gargaɗin zabtarewar dusa na Norway, kafin ka fita. Wannan ya fi min maganar milimita.

Game da shim kuwa, nauyinsa ma abin dubawa ne ga mai hawa da ƙafa. Abin da ke ƙafa sau dubbai kake ɗaga shi kafin ka kai ƙololuwa.

Bakatsinen_Oslo:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi gwaje-gwajen biyu. A kan tebur, kunnen ya taɓa a digiri 46. Na ƙara kaurin milimita 15 a lissafi kamar yadda Injiniya ya nuna, ya ba ni sama da 60. Gibin dunduniya kuwa yatsa biyu na shiga, har da ɗan saura. Kenan weji nake buƙata. Abin da na samu a kasuwa iri biyu ne: mai weji amma kaurinsa 20, da shimfiɗaɗɗe na 10. Dan_Tromso, ban kai Lyngen ba tukuna, dutsen Gaustatoppen ne a raina idan bazara ta matso, kuma na ji gargaɗinka.

Yar_Vermont:
Mai weji na 20. Ya magance maka abu biyu a huda ɗaya.

Mai_Gashin_Kashi:
Ni da na 10 zan fara, in ƙara siririn weji a kansa. Digiri 46 zuwa kusan 59 ba ƙaramin canji ba ne.

Bazazzagen_Utah:
Gibin yatsa biyu da saura yana nuna takalmin ya sha jiki. Kafin ka huda siki saboda takalmi, ka tambayi kanka shekara nawa ya rage masa. Idan ka canja takalmi baɗi, wejin zai yi maka yawa, ka koma jin nauyinka a baya.

MaiGyara_Innsbruck:
Bazazzage ya taɓo wani abu. Amma ko sabon takalmin tsarin 75 da ɗan lanƙwasarsa yake zuwa, kuma matakin dunduniya ana iya ƙara masa ko rage masa daga baya ba tare da an taɓa gaba ba. @Bakatsinen_Oslo a ina ka yi gwajin gibin, a ɗaki mai ɗumi ko a waje? Roba tana ƙara tauri a sanyi. Kuma wayar a ɗaure take ko a kwance lokacin da ka auna? Idan ka matse ta da yawa ita ma tana ɗaga dunduniya.

Bakatsinen_Oslo:
A falo na yi, kuma wayar a ɗaure take tamau. Bari in sassauta ta, in bar takalmin a baranda ya kwana, gobe da safe in sake aunawa.

Tsohon_Fjell:
Idan ka auna, ka cire wayar gaba ɗaya ka gwada da fil uku kaɗai, ka kawo mana adadin biyun. Sannan ka duba ramukan fil ɗin da ke ƙasan leɓen takalmin, ko sun buɗe. Idan sun buɗe, takalmin na wasa a cikin maɗaurin, kuma wannan ma yana iya sa ƙafa ta kuɓuce a kan tauri ko da kunnen bai taɓa ba.

Gwiwa_Kasa:
Ni dai ina nan kan 20 ɗina. Mai gyara, shim mai ramuka huɗun nan, layin fil ɗin yana zama a inda yake a da, ko yana matsawa gaba?

MaiGyara_Innsbruck:
Ya danganta da shim ɗin. Ja layi da fensir a gefen sikin daidai fil kafin ka kwance komai, sai ka daidaita sabon da shi. Idan sababbin ramukan sun faɗo kusa da tsofaffin, matsa da rabin santimita gaba ko baya, ba za ka ji bambanci ba. Turo min hoton saman sikin da ruler a kai in ka kwance, in duba maka.